Bindigata tana warwatsa harsashi a yadi 100, ga shi ina shirin farautar nesa: ta ina zan fara gyara?

BaƙonTeksas:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka. Ina zaune a Houston, kuma bana Allah ya sa ƙuri'a ta faɗo kaina, na samu izinin farautar barewar Amurka, wadda suke kira pronghorn, a jihar Wayomin cikin watan Oktoba. Bindigar da nake da ita ba sabuwa ba ce, ta hannu na saya, doguwa ce mai sakata, tana cin harsashin .308 Winchester, ƙotarta ta katako ce, bututunta siriri irin na farauta. A filin gwaji, a yadi 100, in na harba uku wani lokaci su taru cikin inci ɗaya, wani lokaci su buɗe har inci biyu da rabi. In kuma na ci gaba da harbi ba hutawa, sai ramukan su riƙa hawa sama suna karkata dama. Waɗanda suka taɓa zuwa can sun ce fili ne fetal, babu bishiya babu maɓoya, dabbar kuma tana hango mutum tun daga nesa, don haka in shirya wa harbin yadi 400 zuwa 500. Wani abokin aikina ya ce in canza bututu, wani ya ce in sayar da ita in sayi mai cin harsashin 6.5 Creedmoor. Kafin in zuba kuɗi, don Allah ta ina ya kamata in fara?

TsohonSoja_Kaduna:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye maganar sayen sabuwa tukuna. Cire harsashi, ka duba da idonka ka tabbatar babu komai a ciki, sannan ka bi sukurori ɗaya bayan ɗaya: na zoben da ke riƙe da madubin saiti, na gindin da zoben ke zaune a kai, da biyun nan na ƙasa da suka haɗa ƙarfe da ƙota. Bindigar hannu ba ka san hannun da ta bi ba. Yawancin bindigar da aka ce ta lalace, sukuru ne ya saki.

Maƙerin_Zamani:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai in ƙara da cewa ɗaurin ma yana da awo. Akwai sukudireba mai auna ƙarfin ɗauri, ba ta da tsada, duk shagon kayan farauta a can za ka same ta. Sukurorin saman zobe galibi inci-fam (awon ƙarfin ɗauri) 15 zuwa 18 ake ɗaure su. In ka matse fiye da haka kana iya lotsa jikin madubin, abin da ke cikinsa ya daina motsi daidai. Na ƙasa kuwa sun fi haka ƙarfi sosai, kuma ya danganta da irin ƙotar, ta katako ba ta jure abin da mai ƙarfe a ciki take jurewa, don haka nemi takardar kamfanin ka bi abin da suka rubuta.

Amma abin da ya fi jan hankalina a bayaninka shi ne hawan da ramukan suke yi sama da dama in ta yi zafi. Wannan alama ce ta bututu yana taɓa katako. Duk lokacin da aka harba, bututun yana kaɗawa kamar tsumagiya, ido ba ya gani, kuma harsashi yana fita ne a wani matsayi na wannan kaɗawar. In kaɗawar iri ɗaya ce kullum, harsashi zai riƙa sauka wuri ɗaya. In kuwa katako yana dafe da shi a gefe guda, ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, matsin ya canza, to saukar ma ta canza. Ɗauki takardar dala ɗaya ka naɗa ta ƙarƙashin bututun, ka ja ta daga gaba zuwa baya har kusa da gidan sakata. Inda ta tsaya, nan matsalar take. Ka gwada a sanyi, ka sake gwadawa bayan ta yi zafi, ka kuma gwada lokacin da ka ɗora gaban ƙotar a kan buhun yashi, domin wata ƙotar sai an ɗora mata nauyi take lanƙwasawa ta taɓa.

Ɗan_Damagaram:
Ku yi haƙuri, mu nan da mita muke lissafi. Inci biyu da rabi a yadi 100 mugun abu ne? Ni a ganina ai santimita shida ne kawai, barewa kuwa ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba.

Injiniyan_Montana:
@Ɗan_Damagaram a kusa ba komai ba ne, amma warwatsuwar tana girma tare da nisa. Maharba suna auna ta da wani awon kusurwa da ake kira MOA, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri. MOA ɗaya inci 1.047 ne a yadi 100, ko kusan santimita 2.9 a mita 100. Bindigar da ke yin inci biyu da rabi a yadi 100 za ta yi sama da inci 12 a yadi 500, tun kafin a yi maganar iska ko rawar hannu. Wurin huhu da zuciya na pronghorn kuwa bai wuce faɗin inci takwas ba, don dabba ce ƙarama, namijin da kyar yake wuce kilo 60. Ka ga ko da maharbin ya yi komai daidai, harsashi yana iya sauka a ciki ko a cinya.

Malam BaƙonTeksas, akwai kuma maganar harbi uku-uku da kake yi. Uku ba sa faɗin gaskiyar bindiga. Wannan lissafi ne tsagwaronsa: bindiga ɗaya, harsashi ɗaya, in ka harba goma, faɗin gungun yakan kai kusan ninki ɗaya da rabi na abin da uku suke nunawa. Inci ɗayan da kake gani wani lokaci da inci biyu da rabin da kake gani wani lokaci, mai yiwuwa duk gungu ɗaya ne, kana ganinsa gutsure-gutsure. Ka harba goma a allo ɗaya, wurin saiti ɗaya, kana barin bututu ya huce tsakani. Abin da ka gani shi ne bindigarka.

Sadauki_99:
Ni dai na ce a sayi Creedmoor a huta. Tun 2007 da kamfanin Hornady suka fito da shi ya nuna wa .308 iyakarsa. .308 fa harsashin 1952 ne.

TsohonSoja_Kaduna:
Yaro, tsufan harsashi ba aibu ba ne. .30-06 tun 1906 yake, har yau ana kai nama gida da shi. Mutumin nan bai san abin da ke damun bindigarsa ba tukuna, in ya sayi sabuwa ya ɗora mata wannan madubin da waɗannan zoben, matsalar za ta bi shi.

Injiniyan_Montana:
Sadauki yana da 'yar gaskiya a wuri ɗaya, a ba shi. Harsashin 6.5 dogo ne siriri, iska ba ta tura shi kamar na .308. A yadi 500, da iskar kilomita 16 a awa tana bugowa daga gefe, .308 mai nauyin giren (awon nauyin harsashi) 165 ko 168 yana kaucewa sama da inci 20, Creedmoor mai giren 143 kuwa wajen inci 15 ko 16. Shurinsa a kafaɗa ma ya fi sauƙi. Amma inci 15 ɗin ma ya ninka wurin da ake nema sau biyu. Wanda bai iya karanta iska ba zai kuskure da kowanne. Kuma bututun .308 ya fi daɗewa kafin ya cinye.

Ɗan_Sarkin_Baka:
Ina karanta ku tun ɗazu, akwai abin da yake damuna. Mahaifina maharbi ne a ƙasar Bauchi, da bindigar toka ya yi zamaninsa, harbi ɗaya gare ta, in ka kuskure sai ka zauna ka sake ɗuri. Bai taɓa harbin dabba daga nesa da taku talatin ko arba'in ba. Yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya riƙa rarrafe yana sunkuyar da kan yana ɗagawa yadda burtu ke yi in yana kiwo, har ya shiga tsakiyar dabbobi. Kafin ya motsa sai ya ɗebi ƙura ya saki ya ga inda iska take kai ta, don kada ta kai musu warinsa. Gwiwoyinsa duk kanta ce. A wurinsu farauta ita ce wannan kusantar. Yanzu in mutum ya kwanta a rabin kilomita, dabba ba ta gan shi ba, ba ta ji shi ba, ba ta da damar tsira, ya sake mata wuta, ina farautar take?

Sadauki_99:
Zamani ne ya canza Malam. Mahaifinka da ya samu madubi da shi ma ya yi amfani da shi.

Ɗan_Sarkin_Baka:
Da ya yi amfani da shi, ban musa ba. Amma da ya matsa kusa duk da haka.

UmmuSalma_Ingila:
Ɗan_Sarkin_Baka, wannan muhawara tana nan a tsakanin Turawan su kansu. Ƙungiyar Boone and Crockett ta Amurka, wadda Theodore Roosevelt yana cikin waɗanda suka kafa ta a 1887, ta fitar da matsayinta a kan harbin nesa, kuma ba ta sa iyakar yadi kaza ba, niyyar maharbi ta duba: shin yana ƙoƙarin kusantar dabba ne ko yana gwada nisan da zai iya harbi a kanta. Ni likitar dabbobi ce, kuma nakan bi masu rage yawan barewa a gandun daji a nan. Galibinsu bindigoginsu za su iya harbin nesa sosai, amma da wuya ka ga sun wuce mita 150 ko 200. Doka a nan Ingila ta ce manyan barewa sai da bindiga mai faɗin baki .240 zuwa sama da ƙarfin bugu na ƙafa-fam 1,700 a bakin bindiga, duk don kada a raunata dabba a bar ta.

Na taɓa ganin barewar da aka harba a muƙamuƙi ta tsere. Da aka same ta ta rame, ba ta iya ci ba ta iya sha, ƙudaje sun cika raunin. Wanda ya ga wannan ba zai ƙara ɗaukar inci biyu ko uku a matsayin ƙaramin abu ba. Kuma ku tuna da lokaci: harsashin .308 yana ɗaukar kusan kashi bakwai cikin goma na daƙiƙa kafin ya isa yadi 500. Dabbar da ke kiwo in ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya a daidai lokacin da aka ja kunama, ta matsa fiye da rabin mita. Babu gyaran bindigar da zai magance wannan.

Almajirin_Fiƙihu:
Allah ya saka wa Hajiya da alheri. Ta ɓangaren addini ma maganar tana da tushe. A hadisin Shaddad ɗan Aus da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za a kashe a kyautata kisa, in za a yanka a kyautata yanka, a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Daidaita bindiga yana cikin wannan babi a fahimtata. Sannan a ambaci sunan Allah lokacin sakin harsashi, in kuma aka tarar da dabbar da sauran rai sai a yanka ta. Mai harbi daga yadi 500 ya lissafa tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya isa wurinta da wuƙa.

Shugaban_Zaure:
'Yan'uwa ina tunatarwa: zancen nan na farauta ce ta halal a ƙasashen da doka ta ba mutum lasisi. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 tana nan, bindigar farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka ma sai da izinin Kwamishinan 'yan sanda na jiha, wurare irin Yankari kuwa an hana farauta a cikinsu. Duk wanda ya kawo tambayar da ta fita daga wannan layi za a goge. Ku ci gaba.

BaƙonTeksas:
Na gode ƙwarai. Na dawo da rahoto. Baba TsohonSoja, sukurun gaba na ƙasa a sake yake, ya juya sosai kafin ya kama. Malam Maƙeri, takardar dala ta tsaya cak kamar inci uku daga ƙarshen ƙota, a gefen hagu. Da na cire ƙarfen na ga wurin ya yi sheƙi, katakon ya goge baƙin jikin bututun. To yanzu in kankare wurin da kaina ne ko in kai wa mai gyara?

Maƙerin_Zamani:
Madalla. Gefen hagu yana tura shi dama, ka ga ya yi daidai da abin da allo ya nuna maka. Kankarewa ba wuya: naɗa samfefa a jikin sanda mai kaurin bututun, ka riƙa gogawa a hankali kana gwadawa, har takarda biyu ko uku a haɗe su wuce ba tsayawa. Amma lallai ka shafe wurin da ka kankare da man katako ko fenti mai hana ruwa shiga. Houston gari ne mai laima, Wayomin busasshiya ce, katakon da ba a rufe ba zai sha ruwa a nan ya bushe a can ya murɗe, saitinka ya tafi.

Wani abu kuma: akwai bindigogi masu siririn bututu da kamfani da gangan yake bar musu ɗan tudu a ƙarshen ƙota, a ƙasa daidai tsakiya, yana tallafe bututun, kuma wasu sun fi harbi da kyau a haka. Naka a gefe yake, don haka ba shi ba ne. In ka kankare ka ga ba ta gyaru ba, kana iya sa 'yar takarda mai kauri a ƙasa ka gwada.

Abin da zan ce ka kai wa mai gyara shi ne shimfiɗar gidan sakata. Ana zuba gam ɗin epoxy a cikin ƙota a dasa ƙarfen a kai ya bushe, ya ɗauki siffarsa daidai, a kuma sa 'yan bututun alminiyam a ramukan sukurori don katako ya daina matsewa in an ɗaure. Bayan haka ƙarfen yana komawa mazauninsa ɗaya bayan kowane harbi. Wanda bai saba ba yana iya manne ƙarfe da katako har abada. In ka je ka ce ya duba maka bakin bututun ma. Gefen ramin da harsashi ke fita in ya sami 'yar tsaga, iskar albarushi tana fita ta gefe ɗaya kafin ɗayan ta ture gindin harsashin. Zagaya wurin da audugar goge kunne, in ta kama zare to akwai rauni. Gyaransa ba tsada.

Karoo_Malam:
Gaisuwa daga Afirka ta Kudu. Mu nan a Karoo filinmu irin wanda aka kwatanta maka ne, barewarmu ta nan, springbok, kuma ta fi pronghorn ɗinku ƙanƙanta. Abin da ban ga an taɓo ba shi ne harsashin kansa. Kowace bindiga da abincinta. Biyu daga kamfani ɗaya, ƙira ɗaya, wannan ta so wani harsashi waccan ta ƙi shi. Bayan gyaran, sayi kwali ɗaya-ɗaya na iri huɗu ko biyar, masu giren 150, 165, 168, 178, ka gwada. Wanda ta so, ka koma ka sayi da yawa masu lambar ɗauri ɗaya, lambar tana jikin kwalin.

Ka san murɗin zaren cikin bututunka? A .308 galibi juyi ɗaya ne a inci 12 ko a inci 10. Mai 12 ya fi jituwa da 150 zuwa 168, dogayen harsasai masu nauyi sun fi son mai 10. Sa tsumma mai matsewa a sandar wanki, yi mata alama, ka tura ka auna inci nawa ta shiga kafin ta yi juyi ɗaya.

Sadauki_99:
A nemi harsashin gasa kawai, shi ya fi taruwa.

Karoo_Malam:
A allo, e. A kan dabba a'a. Na gasa ba a ƙera shi don ya buɗe a cikin nama ba, wani ya ratsa ya wuce, wani ya tarwatse a kan ƙashi. A nemi na farauta wanda bindigar ta yarda da shi. Kuma a nan ma akwai iyakar nisa: harsashin farauta yana buƙatar gudu kafin ya buɗe, da yawa ana sa musu ƙafa 1,800 a daƙiƙa a matsayin mafi ƙaranci, na jan ƙarfe zalla irin wanda Kalifoniya ta tilasta tun 2019 da ta hana farauta da dalma sun fi son sama da haka. .308 da ya fita da gudun 2,700 yana sauka wajen 1,800 ɗin nan ne a daidai yadi 500. Wato ko ka same ta, kana bakin gaɓa.

TsohonSoja_Kaduna:
An yi ta maganar ƙarfe da katako. Saura mai riƙe da ita. Ɗana, in ka koma fili ka tafi da aboki, ka ba shi ya riƙa ɗura maka ba ka gani, wani lokaci harsashi na gaske wani lokaci na roba marar albarushi. Ranar da ka ja kunama a kan na roba ka ga bakin bindiga ya duƙa, ka san jikinka yana tarar shuri kafin ya zo. Kusan kowa yana da wannan, ba abin kunya ba ne. Maganinsa atisaye ba harsashi a gida, bindiga a wofi an duba, kana ja a hankali har ta faɗa zaren saiti na cikin madubi bai motsa ba. Ka toshe kunne da kyau, ƙara tana sa zabura fiye da shurin. Kumatunka su zauna wuri ɗaya a kan ƙota kullum. Ka ja a ƙarshen fitar numfashi. Bayan ta tashi kada ka ɗaga kai ka leƙa, zauna a cikin madubin.

Maƙerin_Zamani:
Kunamar ma a auna ta. Wasu suna zuwa da nauyin fam biyar ko fiye, kafin ta faɗa ka riga ka ja bindigar gefe. Fam biyu da rabi zuwa uku ya isa farauta. Kada a sauke ƙasa da haka, da yatsa mai sanyi ko safar hannu tana iya tashi ba ka shirya ba. Kuma wannan aikin mai gyara ne, ba a goga ƙarfen kunama a gida.

Ɗan_Damagaram:
Tambaya: gaskiya ne wai kada a wanke bututu kafin a tafi daji? Wani ya ce mini datti yana ƙara mata saiti.

Injiniyan_Montana:
Akwai ƙanshin gaskiya. Bututun da aka wanke tas aka shafa wa mai yakan jefa harsashin farko ko biyu wani wuri dabam. Shi ya sa ake wankewa, a je fili a harba kaɗan a tabbatar da saiti, a bar ta haka har a gama farauta. Amma in jan ƙarfe da baƙin albarushi suka taru da yawa gungu yana buɗewa. Bindigar hannu irin ta BaƙonTeksas zan so a yi mata wanki na sosai sau ɗaya, daga baya ta wajen sakata, kada sanda ta goge bakin.

Tunda ni ina maƙwabtaka da inda za ka, bari in gaya maka abin da zai tarye ka. Houston tana daidai da teku, yankin Casper da ke Wayomin kuwa ya haura mita 1,500 sama da teku. Iska can ba ta da kauri, harsashi ba ya faɗuwa kamar a gida, a yadi 500 bambancin yakan kai inci huɗu ko biyar. Sanyin safiyar Oktoba kuma yana rage wa wasu albarushi gudu. Don haka lissafin da ka yi a Teksas sai ka sake tabbatar da shi a can kwana ɗaya kafin a fita. Gudun da aka rubuta a kwali ma kada ka dogara da shi, da bututunsu suka auna, ka ari na'urar awon gudu ka auna naka ka sa a manhajar lissafi. Na'urar awon nisa dole ce: da saitin yadi 100, harsashinka yana ƙasa da wajen inci 15 a yadi 300, a 500 kuwa ya doshi inci 60, kuskuren yadi 25 a can ya isa ya fitar da kai.

Sai karkata. In bindiga ta kwanta gefe da digiri 6, wato tazarar minti ɗaya a fuskar agogo, a yadi 500 harsashi zai kauce inci bakwai ko takwas, kuma a kan gangare ido ba ya gane ta karkata. Akwai ɗan ƙaramin filam mai kumfa da ake ɗaurawa a jikin madubi. Madubin kansa ka gwada shi: kafe bindiga a buhu, ka motsa kanka kaɗan ba ka taɓa ta ba, in zaren yana yawo a kan allo to sai an daidaita shi da wannan nisan. Ka kuma murɗa saiti sama MOA 10 ka harba a yadi 100, ka auna ko ya hau inci goma da rabi, ka dawo da shi ka ga ko ya koma inda yake.

Iskar Wayomin kuwa ba a ba da labarinta. Kuskuren kilomita biyar a awa wajen ƙiyasi inci shida ne ko bakwai a 500, kuma iskar da ke wurinka ba ita ce a tsakiyar kwari ba.

Ɗan_Sarkin_Baka:
To kun gani. Duk wannan lissafin, a yadi 200 rabinsa ba ya tasowa. Malam Injiniya, tsakani da Allah, ba a iya kusantarsu ne?

Injiniyan_Montana:
Ana iyawa. Filin da ake cewa fetal yana da kwaruruka da 'yan tudu, mai haƙuri yana bin su da rarrafe. Masu baka ma suna samunsu kowace shekara. Sai dai a sa abin kare gwiwa da safar fata saboda ƙayar kaktus, kuma doka ta ce mai farauta da bindiga ya sa tufa mai launin lemo ko ruwan hoda mai haske, don haka kan burtu ba zai yi aiki a nan ba sai tudu. Galibin waɗanda na sani tsakanin 200 da 300 suke harbi.

BaƙonTeksas:
An yi shimfiɗar, an kankare ƙota, mai gyaran ya ce bakin lafiya lau, ya sauke kunama zuwa fam uku. Cikin harsasan da na gwada ta fi son wani mai giren 165. Goma a allo ɗaya sun taru cikin inci ɗaya da kwata, hawan nan sama da dama ya ɓace. Abokin aikina har yanzu yana cewa in sa sabon bututu ta koma rabin inci. Ya kuka gani?

Sadauki_99:
Ni da ni ne zan sa. Rabin inci ya fi inci da kwata ko a ina.

UmmuSalma_Ingila:
Kuɗin bututun ka sayi harsashi da shi, ƙanena. Ka sauka daga teburin gwaji. Yanka kwali mai faɗin inci takwas, ka kafa a 200, ka kwanta a ƙasa ka ɗora bindiga a kan jakar da za ka goya, ka yi harbi ɗaya tak da bututu mai sanyi, domin shi ne harbin da za ka samu a daji. Wata rana ka maimaita, da iska da ba iska, wani lokaci bayan ka yi sassarfa numfashinka yana sama. In kana samu tara cikin goma, matsa zuwa 250, sannan 300. Inda ka fara kuskure, ka dawo baya, nan ne iyakarka ta bana.

Maƙerin_Zamani:
Inci da kwata a harbi goma daga siririn bututu abu ne mai kyau, da yawa masu cewa tasu rabin inci ce uku suka harba suka zaɓi mafi kyau. Ni ban ga dalilin taɓa bututun ba. Amma ka yi wa kowane sukuru alama da ɗigon fenti, in ya motsa a hanya za ka gani.

Karoo_Malam:
Ni ina tsakiya. In yana da niyyar ci gaba da farautar fili shekara da shekaru, wata rana zai so bututu mai ɗan kauri. Ba bana ba dai, lokaci ya ƙure da za a saba da sabo. BaƙonTeksas, filin gwajin da kake zuwa yana da layin da ya wuce yadi 100 kuwa? In babu ka nemi mai 300 tun yanzu, kuma ka tambaye su ko suna barin harbi a kwance, wasu ba sa bari sai a tebur.